Ƙanzon Lofen Oga

Shekara ashirin da uku na yi ina gyaran lofe, ban taɓa kai ɗaya bakina ba sai a shekarar ƙarshe. Ba don marmari na fara ba. Na fara ne don kada a zura wa wani tsoho roba a hanci.

Ni boyi ne a gidan wani dattijo a Asokoro. Babban sakatare ne a wata ma'aikatar tarayya kafin ya yi ritaya. Oga muke ce masa. Da farko gadi aka ɗauke ni, daga baya na koma cikin gida: guga, goge takalma, kai shayi, sharar falo. Karatuna aji huɗu ne na firamare, sai ɗan na allo. A Jikwoyi nake kwana da iyalina. In fito bayan asuba, in shiga cunkoson Nyanya, kafin in isa Asokoro gwiwoyina sun riga sun gaji, ban ko taɓa tsintsiya ba.

Oga a Ingila ya koyo shan lofe, lokacin da ya je karatu yana saurayi. Guda bakwai gare shi, a jere kan wani ɗan katako mai ramuka a ɗakin karatunsa. Kowace rana da nata. Wanda ya sha ran Litinin ba ya taɓa shi sai wata Litinin. Ya ce katakon lofen yana shan gumi, sai an bar shi ya bushe.

Ranar da ya fara ba ni aikin, ya kira ni ya ce, "Zo nan, bawan Allah. Kana shan taba?"

Na ce, "A'a, ranka ya daɗe."

"Madalla. Ba za ka sace min ba ke nan. Miƙo hannunka in gani."

Na miƙa. Ya juya shi gaba da baya kamar mai sayen doya, ya ce, "Hannun mai faskare. To, za mu gani."

Wata uku yana tsaye a kaina. Abu na farko, ba a taɓa lofe da zafinsa. In ka murɗe bakin daga jikin katakon yana da ɗumi, wuyan zai tsage, kuma ba mai ɗinke maka. Ba a buga shi a bango ko a dunduniyar takalmi don toka ta fito, a tafin hannu ake bugawa, a hankali. In ya huce sai ka murɗe bakin ta gefe ɗaya, ba ka kai ka kawo ba. Sannan ka zura masa waya. Wasu 'yan wayoyi ne sirara da aka naɗe da auduga, a fakiti yake zuwa da su daga waje. Ka zura fara, ta fito baƙa da wani ruwa mai kama da kwalta, ka yar, ka zura wata, har sai wadda ta fito da haskenta. In wayoyin sun ƙare, gashin fiffiken zabo yana yi. Mai dafa abincin gidan, wata mata 'yar Filato da muke ce wa Mama, ita take tara min su duk lokacin da aka yanka zabi.

Sau ɗaya a wata akwai babban gyara. A cika tukunyar lofen da gishiri, a ɗiga masa giya daga wata 'yar kwalba da ke bayan littattafai, a bar shi ya kwana. Da safe gishirin ya koma ruwan ƙasa, ya janyo duk tsamin da ke ciki. Ranar farko da na ga kwalbar na ja da baya. Oga ya ce, "Kai, ba sha za ka yi ba, ni ma ba sha nake ba. Ta lofe ce." Na sa ido a kan kwalbar nan shekara da shekaru, ina yi mata alama da farce. Ban taɓa ganin ta ragu ba sai a hannuna. Wannan shaidar zan iya ba shi ko'ina.

Amma babban abin shi ne ƙanzo. A cikin tukunyar, a jikin katakon, akwai wani baƙin ɓawo da yake taruwa a hankali, daga toka da man taba. Oga yana da sunansa da Turanci, ni ban riƙe ba. Na ce masa ƙanzo, don kamar na tukunyar tuwo yake. Da ya ji ya yi dariya har ya cire tabarau yana share ido, daga ranar shi ma ƙanzo yake cewa. Wanda bai sani ba zai ce datti ne. Ba datti ba ne. Shi yake kare katakon daga wuta, kuma duk ɗanɗanon lofen a cikinsa yake. In ya yi kauri da yawa sai ya fasa tukunyar, in ka kankare shi duka ka bar katako tsirara. Kaurin tsohon kwabo ake bari. Da wata dakusasshiyar wuƙa nake rage shi, kaɗan-kaɗan, ina shafawa da ɗan yatsa. In na gama sai in goga tukunyar a gefen hancina, man fuskar mutum yana sa katakon sheƙi. Shi ya koya min wannan ma. Ranar da ya duba ya rasa abin da zai gyara, sai ya ce, "Injiniya!" Sunan ya bi ni.

Haka muka zauna. In ya ci abinci sai ya koma ɗakin karatu, in miƙa masa na ranar, ya cusa taba, ya ƙyasta ashana. Abinci tukuna, sannan lofe. Matarsa, Allah ya jiƙanta, takan ce ba don yunwa yake cin tuwo ba, don ya samu ya kai ga abin da ke bayansa ne.

Wata damina, bayan la'asar, ya faɗi a falo. Sati uku a asibiti. Ya dawo ɓarin damansa a shanye, bakinsa a karkace, magana ta tafi, ba abin da ya rage masa sai "to". Likita ya ce taba kam an gama, har abada.

Babbar 'yarsa ta tattaro kayanta ta dawo gidan don ta kula da shi. Darakta ce a wata hukuma. Na san ta tun tana da kayan makaranta, ni nake ɗaukar mata jaka zuwa mota. Yanzu Hajiya nake ce mata, ita kuma ta ce min Malam. Gaskiya ta yi ƙoƙari. Ita take juya shi, ita take ba shi magani, ta tafi ofis da jajayen idanu.

Ni ban daina gyaran lofe ba, don damina ce, in ka bar su fumfuna za su yi. Sai na lura in na tura shi a keken marasa lafiya zuwa ɗakin karatu, idonsa yana kan katakon nan da suke jere. Na ɗauko na ranar na sa masa a hannun hagu. Ya kai hanci, ya kai baki, ya dinga zuƙa ba wuta ba taba. Na tambayi likita, ya ce in dai ba a kunna ba, a bar shi. Sai muka koma yadda muke. Ya sha kununsa, ya ci ɗan faten dankalinsa, in miƙa masa lofe. Yana cin abinci sosai a lokacin.

Ran Lahadi nake hutu. Wata Litinin na shigo, na ga tire a baranda cikin rana. Su bakwai ɗin ne a kwance, sun yi fari fat kamar ƙasusuwan da kare ya gama da su. Na tsuguna. Huɗu sun tsage daga baki har gindi. Biyu wuyansu ya kumbura ya fashe. Bakunan, da suke baƙaƙe wuluk, sun koma kore-kore kamar gansakuka. Na zura ɗan yatsa a tukunyar ɗaya. Katako tsirara, da sawun wuƙa. Na shinshina, sabulu.

Hajiya ta fito da makullin mota a hannu, fuskarta a sake. Ta ce, "Malam, ka ga yadda suka yi fes? Jiya na tafasa su da sabulu, na bi su da soson ƙarfe. Ka ga baƙin dattin da na kankaro kuwa? Shekara da shekaru kana wankewa, ashe ba ka wanke komai."

Na ce, "Hajiya, kin kashe su."

"Na kashe me? Wannan baƙin abin shi ne gubar da ta kwantar da Dadi. Kullum yana tsotsa ina kallo. Yanzu ya riƙe abinsa ba abin da zai same shi."

Bakina ba shi da linzami, tun ina yaro haka nake. Na ce, "Duk karatun da kika yi, ba a koya miki tambaya ba? Ina nan a gidan nan. Da kin jira Litinin."

Ta tsaya ta dube ni. Ta ce, "Malam, ubana ne. In ka gaji da aikin, ƙofa a buɗe take."

Na koma bakin aikina. Ina da 'ya'ya biyar a Jikwoyi. Kuma in za a faɗi gaskiya, ban taɓa zaunar da kowa a gidan na gaya masa abin da ƙanzo yake ba. Na riƙe abin kamar sirrina ne ni da Oga.

Ɗaya ne kawai bai tsage ba, na ran Alhamis, wani gajere mai ƙiba da lanƙwasasshen wuya. Bayan ya ci abincin rana ita da kanta ta miƙa masa shi. Ya karɓa. Ya kai hanci. Ya juya shi ya leƙa ciki. Ya sa a baki, ya ja sau ɗaya, ya fitar. Sai ya sake shi ya faɗi a kan kafet. Ya dube ni, ba ita ba. Ni ya duba. Sannan ya juya fuskarsa wajen bango.

Da yamma bai ci ba. Washegari cokali biyu na kunu, ya datse haƙora. Mama ta yi masa farfesun zabo, ta yi gwate irin nasu na Filato da yake so, ta yi kunun gyaɗa da tsamiya. Ya ture da hannun hagu. Hajiya ta tsuguna a gabansa tana cewa, "Dadi, don Allah, ko loma ɗaya." Ko "to" ɗin ma ya daina faɗa.

Rana ta tara likita ya zo, ya sa masa ƙarin ruwa. Ina tsaye a bakin ƙofa na ji yana gaya wa Hajiya cewa ruwa ba abinci ba ne. Zai ba shi kwana goma. In bai koma ci ba, za a zura masa roba ta hanci har ciki, a dinga ɗura masa abinci da sirinji.

Na san robar nan. Shekarun baya na raka Oga asibiti duba wani abokinsa, muka same shi da ita, an ɗaure masa hannu da gado don kada ya fizge. Muka kamo hanya da Oga a mota har muka kusa gida. Sannan ya ce, "Injiniya, in ka ga za su sa min wannan abin, ka naɗe ni a tabarma ka kai ni ƙauyenmu." Da dariya ya faɗa. Amma na san dariyarsa, wannan ba ita ba ce.

Na je kicin na zauna a kan turmi. Mama ta leƙa waje, ta rufe ƙofa, ta zura hannu cikin buhun garin masara ta fito da gwangwani. Tabar Oga ce, irin wadda yake sha tun kafin in zo gidan.

Ta ce, "Hajiya ya zubar da duka a bola. Wannan ɗaya na tsince. Malam, abin nan da ya wanke, ba ya dawowa?"

Na ce, "Yana dawowa, Mama. Amma sai an sha. Wuta da taba ne suke yin sa, ba hannu ba."

"To a ba maigadi, ai yana shan sigari."

"Zai ƙone shi rana ɗaya. Ja yake kamar injin ban ruwa. Katako tsirara sai wanda ya san shi."

Ta riƙe ƙugu ta ce, "To wa ya san shi? Ni dai ba zan shiga coci da warin taba ba. Kai ne injiniya, kai za ka sha."

Na ɗauki lofen Alhamis da kwalbar bayan littattafai na kai ɗakin Mama a baya. Kwalbar kam ban yarda in hau motar Nyanya da ita ba, kada a yi hatsari a tsince ta a aljihuna, a rasa mai yi min salla. Na cika tukunyar da gishiri na ɗiga, ya kwana. Na sake, ya kwana. Sai da warin sabulun ya fita. Bakin kuma na goge shi da toka mai laushi da man kaɗanya har koren ya ragu. Sawun haƙoran Oga yana nan a ƙarshensa, rami biyu ƙanana. Wannan ruwan zafi bai iya da shi ba. Tabar ta bushe a gwangwani, na jefa mata ɓawon lemo ta yi laushi. Kwana uku sun tafi a nan. Saura bakwai.

Na tafi da shi gida. Bayan ɗakinmu akwai wani lungu tsakanin bango da tankin ruwa. Da na dawo daga masallacin asuba na shiga lungun. Na shafa zuma kaɗan a cikin tukunyar, yadda na ga yana yi wa sabon lofe, don toka ta samu abin kamawa. Na cusa taba rabi. Na ƙyasta ashana.

Ja na farko na haɗiye hayaƙin, abin da na san ba a yi. Tari ya turnuƙe ni, ƙasa ta juya, na dafa tanki na amayar da shayin da ban gama sha ba. Da na ɗago sai ga mai ɗakina a tsaye da bokiti.

Ta ce, "Inna lillahi! Malam? Da furfurarka? Mutane suna tuba da tsufa, kai yanzu ka fara?"

Na ce, "Aiki ne."

"Aiki? An ƙara maka girma ke nan, daga guga zuwa busa hayaƙi. Sai a yi mana walima."

Na gaya mata komai, ina tofar da yawu. Ta saurara, ta ajiye bokitin. Ta ce, "To shi tsohon ba shi da 'ya'ya maza ne da za su sha masa?" Na ce suna ƙasar waje. Ta ce, "Allah ya kyauta. Ka dai matsa daga shanyata, kada kayan yara su ɗauki wari a kore su daga Islamiyya."

Sau uku nake sha a rana. Da safe a lungu, da rana a bayan ɗakin janareta a Asokoro, Mama tana yi min gadi, da yamma in na dawo gida. Na san ina karya dokar hutun lofe, amma ba ni da kwanakin. Rana ta biyu harshena ya sale, ko ruwan ɗumi ba na iya sha. Tukunyar tana yin zafi har ba ta riƙuwa, alamar ina gaggawa ke nan. Sai na zauna na tuno yadda yake yi. Shi ba ja yake ba. Numfashi yake kamar mai barci, hayaƙin yana fita ta gefen baki siriri, lofen yana kusan mutuwa amma bai mutu ba. In ka iya riƙe tukunyar a kumatunka ba ta ƙona ka ba, ka yi daidai. Na nemo ƙusa mai faɗin kai ina danna tokar da ita. In ya cinye, in bar shi ya huce, in toshe bakin tukunyar da babban yatsa in girgiza, tokar ta bi jikin katakon ta manne. Sannan waya, sannan gashin zabo.

Shekara ashirin da biyu ina kallon mutumin nan yana yin abin, ashe duk ya shiga kaina ban sani ba. Rana ta huɗu ban yi amai ba. Rana ta biyar, zan faɗa ko da kunya, na ji daɗinsa. Wani ƙamshi kamar busasshen dabino da itacen da ruwa ya daka. Na zauna a lungun ina jin ruwan sama a kan kwano, na ɗan manta da gwiwoyina.

Shi kuwa Oga yana ta ƙanƙancewa. In na ɗaga shi daga gado zuwa keke kamar na ɗauki damin kara. Cokali ɗaya, cokali biyu, wata ran ba ko ɗaya. In na shiga ɗakin ba ya duba na.

Ran Laraba nas ta zo da robar a cikin leda ta ajiye a kan tebur kusa da magunguna. Ta ce likita zai zo jibi da safe. Na duba lofen a bayan janareta. Ƙanzon bai kai kaurin kwabo ba, ko kusa. Bai fi kaurin takarda ba. Amma ya yi baƙi, ya rufe sawun wuƙar, kuma in ka shinshina ba sabulu. Na so in ƙara kwana biyu. Babu su.

Ran Alhamis da azahar na zura masa waya har ta fito fara, na goga shi a gefen hancina, na sa a aljihu. Mama ta dama kunun gyaɗa. Muka shiga tare. Hajiya tana zaune a gefen gado da waya a hannu, ba ta je ofis ba. Da na wuce ta gabanta ta ɗago kai.

"Malam, warin me nake ji a jikinka?"

Na zagaya ta ɓangaren bango inda fuskarsa take, na tsuguna. Na ce, "Ranka ya daɗe, yau Alhamis." Na fito da shi na sa masa a hannun hagu.

Bai riƙe ba da farko. Sai na ga hancinsa ya motsa. Yatsunsa suka rufe a kan tukunyar. Ya ɗago shi a hankali, ya shinshina, ya daɗe. Ya zura ɗan yatsa ciki ya shafa, ya fito da shi ya duba baƙin da ya shafo.

Hajiya ta miƙe. "Wannan ai baƙi ne a ciki! Wa ya sha shi? Malam, me ka yi?"

Na ce, "Ni na sha, Hajiya. Ba taba a ciki, ba wuta. In za ki kore ni, ki bari ya gama."

Oga ya kai shi baki. Haƙoransa suka lalubo ramukansu suka zauna. Ya ja. Iska ta wuce fes, ba ƙara. Ya sake ja. Sannan ya juyo da ido ya dube ni, ya dubi leɓena da ya bushe ya tsattsage, ya sake duban cikin tukunyar. Ya ɗaga lofen ya nuna min wani gefe da yatsa. Na leƙa. Wani ɗan tabo ne inda na ƙona katakon a rana ta biyu. Ni ban ma lura da shi ba. Ya girgiza kai, irin girgizawar da yake min a watannin farko. Gefen bakinsa mai rai ya ɗan ɗaga.

Ya ce, "To."

Mama ba ta jira kowa ba. Ta matso da kofi ta ce, "Oga, doka ba ta canja ba. Abinci tukuna." Ta zare lofen daga hannunsa ta ajiye a kan cinyarsa inda yake gani, ta kai masa cokali. Ya buɗe baki. Ina ƙirgawa a zuci, na kai goma sha huɗu na daina. Ya shanye rabin kofin, ya miƙa hannu, ta mayar masa da abinsa.

Hajiya ta koma ta zauna. Ban dube ta ba. Da likita ya zo washegari ya same shi yana cin faten dankali. Nas ta mayar da ledarta cikin jaka.

Sai dai ƙamshin ba ya zama. In aka kwana uku ba a kunna ba, lofen sai ya yi lami, Oga ya fara juya shi yana ɓata rai, abincin ya fara raguwa. Dole kullum da safe in shiga bayan janareta in sha rabin tukunya, in bar shi ya huce, in gyara, in kai masa bayan abincin rana. Gwangwanin Mama ya kusa ƙarewa ina tunanin inda zan samo wani. Wata safiya na shiga ɗakin karatu na tarar da sababbi guda shida a kan tebur, irinsu sak. Hajiya tana tsaye tana duba wasu takardu, ba ta juyo ba. Ta ce, "Wata ƙawata ce ta zo daga Landan. Kada dai a kunna a gabansa." Na ce to. Har na kai ƙofa ta ce, "Malam, ka dinga shan madara." Iyakar maganar da muka taɓa yi a kai ke nan.

Wata takwas ya ƙara. Ya rasu wata Talata da hantsi, a gadonsa, bayan ya sha kunu. Ba abin da aka zura masa a hanci. Muka kai shi ƙauyensu, ba a tabarma ba, a motar asibiti.

Bayan arba'in aka rufe gidan, za a ba da shi haya. Hajiya ta sallame mu da mutunci, ba ni da abin cewa. Mama ta koma Filato. Da zan tafi Hajiya ta miƙo min leda, lofen ne a ciki da gwangwani biyu da suka rage da sauran wayoyin. Kwalbar na bar ta a bayan littattafai.

Yanzu gadi na koma, a wani shagon kayan gini a hanyar Karshi. Gwangwanayen sun daɗe da ƙarewa. Ganyen taba nake saya a wajen wani tsoho a kasuwa, in yanka da kaina, ba ƙamshin dabino, sai kaifi. Sau biyu ina dainawa, sau biyu ina komawa. Da safe sai na yi tari kafin in iya yin magana, mai ɗakina tana jina daga tsakar gida tana cewa ga gadon da Oga ya bar min nan. Ba ta yi ƙarya ba.

Ƙanzon ya kai kaurin kwabo bara. Har ya fara wucewa, ranar Juma'ar da ta wuce na zauna a lungu na rage shi da wuƙa. Tabon da na ƙona yana nan a ƙarƙashi, in na shafa da yatsa ina jin ɗan ramin. A bakin kuma yanzu sawun haƙora huɗu ne. Nasa sun fi zurfi.